Sola ko babban janareta: me ya fi wa mai sana'ar ƙanƙara a Garwa?

Mai Ƙanƙara, Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi mini bayani yadda zan gane.

Ina sayar da ƙanƙara da sobo da kunun aya a gida, da su nake riƙe yara tun rasuwar mahaifinsu. Firiza biyu gare ni, irin na kwance. Kasuwata ta gaskiya daga Maris zuwa Mayu take, ga shi 'yan shekarun nan azumi ma cikin zafin yake faɗowa, kafin la'asar yara sun cika ƙofar gida da kuloli. To a daidai wannan lokacin ne wuta ta fi yi mana wasa. Sai na ɗura ruwa a leda na jera, ya fara kamawa, a ɗauke. Kafin a dawo da ita ya saki. Kunun aya kuwa kun san halinsa, ba ya jiran kowa.

Ina da ƙaramin janareta. Da can da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, take da araha ban damu ba, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 abin ya canza, a gidan mai kuma lita sefa 840 ce. Ranar da wuta ta yi tsiya yakan sha mini lita huɗu. Maƙwabciyata mai ciwon asma ba ta taɓa yi mini magana ba, amma ina jin tarinta ta katanga in na tayar da shi da dare, kunya ta ishe ni.

Wani mai haɗa sola ya zo ya duba, ya yi mini lissafin kusan miliyan biyu, fiye da rabi kuɗin batura ne. Abin da nake da shi: zan kwashi adashi wata mai zuwa, sai shanu biyu da ake kiwata mini wajen Pitowa. Ɗana da ke jami'a a Ngaundare ya dage sai sola, wai makamashi mai tsafta, wai duniya duk can ta dosa. Ƙanin babansu kuma ya ce in bar zancen yaro, in sayi babban janareta mai shan dizal in huta.

Tambayata biyu. Shin sola za ta iya ɗaukar firiza biyu a zafin Garwa, ko fitila da cajin waya kawai ta iya? Sannan wannan magana ta makamashi mai tsafta da ake ta yi a rediyo, tamu ce ko ta Turawa ce aka ɗora mana? Ni dai ba na so in sayar da shanun marayu saboda wa'azin da ba namu ba.

Ɗan Kasuwar Pitowa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki taɓa shanun nan. Na sa sola a shagona, farantan suna nan garau har gobe, amma batura huɗu ba su rufa shekara biyu ba suka kumbura. Saniya tana haihuwa, batir ba ya haihuwa. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Mai Haɗa Sola, Domayo, Marwa

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah Ya raya marayu. Wannan aikina ne, bari in yi miki dalla-dalla, ki yi haƙuri da tsawon magana.

Sola tana ɗaukar firiza, har injin niƙa tana ɗauka in an haɗa ta daidai. Abin da ya sami ɗan'uwanmu na Pitowa ba laifin rana ba ne, kuma kusan na san yadda aka yi ko ban gani ba. Batir mai dalma, irin mai kama da na mota, abu biyu ke kashe shi: zafi, da tatse shi har ƙasa. Don yanayin digiri 25 aka yi shi, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage masa wajen rabin kwanansa. Mu kuwa sai mu kai shi lungun shago ƙarƙashin kwano, a Garwa ko Marwa inda Afrilu ke wuce digiri 40, mu kwana muna jan sa har ya mutu. Bai kamata a ci fiye da rabin cajinsa ba. Araha ba ta ado. In za ki sayi batir, ki sayi na litiyam ko da ƙarami ne, shi yana jure caji da saukewa sau dubbai, amma shi ma ki sama masa ɗaki mai iska, ba kusa da murhu ba.

Yanzu ga inda nake ganin wanda ya yi miki lissafi ya cika miki kaya. Ya lissafa ne kamar kina ƙauyen da babu turken wuta ko ɗaya, wato batir ya riƙe firiza biyu tun magariba har hantsi kowace rana ta Allah. Ke kuwa kina da wutar kamfani, ɗauke ta ake yi, ba babu ba ce. Sannan sana'arki ta bambanta da ta tela ko mai aski. Shi tela in wuta ta tafi aiki ya tsaya nan take. Ke kayanki sanyi ne, sanyi kuma yana ajiyuwa. Firizar da aka bar mata kashi ɗaya cikin uku cike da gorunan ruwa daskararru, ba a buɗe ta barkatai, takan riƙe sanyinta sa'o'i masu yawa ba wuta. Wannan ajiya ce da ba ki biya ko dala ba. Kuskuren masu ƙanƙara shi ne su sayar da komai tas da yamma, su cika firiza da ruwa mai ɗumi da dare, lokacin da babu rana kuma wuta ba tabbas.

Ki juya tsarin. A ɗura ruwa da asuba, wanda ya kwana a randa ba wanda ya wuni a tanki cikin rana ba. A zuba a firiza wajen ƙarfe takwas, rana ta yi aikin daskarewa har la'asar, dare ya ƙarasa. Ki riƙa sayar da na firiza ɗaya yau, na ɗayar gobe, don kowace ta sami cikakken yini da dare. Daskarar da lita goma na ruwa yana cin kusan kilowat ɗaya na awa, saboda haka firizanki biyu a bazara za su nemi wajen biyar zuwa shida a yini, har da riƙon sanyin. Faranti huɗu masu wat 550 sun ishe ki, da rarar da za ta cika batir. Na sa huɗu ne ba uku ba saboda farantin ma ba ya son zafi: hasken yake ci, zafin kuwa rage masa ƙarfi yake yi, in ya gasu da tsakar rana a Afrilu yakan yi asarar wajen kashi 15 cikin 100. Ga ƙurar hunturu. A fuskantar da su kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 10, a bar sarari tsakaninsu da kwano iska ta ratsa, yaro ya riƙa goge su da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi.

Inda ba zan yarda ki yi tsimi ba shi ne inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti da batir ta zama irin ta gida. Kwamfiresar firiza tana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da take ci a lokacin da za ta tashi. Ki nemi inbata ta kilowat 3, irin wadda ke karɓar rana da wutar kamfani da batir gaba ɗaya tana zaɓa da kanta. Kuma a sa waya mai kauri ta jan ƙarfe. Na sha zuwa gyara in tarar an haɗa kayan miliyan da wayar da ba ta fi ta fitilar ɗaki ba.

Batun kuɗi, ki yi da alƙaluminki. Lita huɗu a 840 sefa 3,360 ke nan a yini, wata guda ya haura dubu ɗari, ban da baƙin mai da kuɗin makanike da kayan da ke lalacewa. Ki ninka da watannin zafi. In kin rage batir zuwa rabin abin da aka rubuta miki, kuɗin zai sauko sosai, kuma ana iya ƙara wani daga baya in inbatar mai kyau ce. Janaretan kada ki sayar, ki ajiye shi don ranar hadari a Agusta. Kuma in za ki yi, ki yi tun sanyi bai wuce ba, ba a fafe gora ranar tafiya, ana shiga bazara kowa ke tunawa da mu.

Malamin Makaranta, Gidar

Injiniya ya gama da tambaya ta farko. Ni ta biyun ce ta taɓa ni, don ɗalibaina ma sukan yi mini ita.

Hajiya, wutar da ke shiga gidanki a Yelwa tun kina yarinya mai tsafta ce, ba mu dai kira ta haka ba. Daga Lagdo take zuwa, dam ɗin da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, injina huɗu, megawat 72 gaba ɗaya. Ruwa ke juya su, babu mai babu hayaƙi. Da ita jihohin arewa uku suka dogara shekara da shekaru, daga Ngaundare har Marwa. Matsalar ita ce an gina shi lokacin da garuruwan nan ba su kai rabin yadda suke yanzu ba, injinan sun tsufa, kuma in damina ta yi gardama tafkin ba ya cika. Kowa ya tuna 2021, da ruwa ya yi ƙasa har aka kwaso injinan dizal daga Yawunde aka kawo arewa don cike giɓi. Ki lura da abin da ya faru: da ruwan sama ya gaza, sai muka koma ƙona mai. Shi ya sa wutarki ta fi tsiya daga Maris zuwa Mayu, ƙarshen rani ne, tafki ya ja baya, kowa kuma ya kunna fanka da firiji.

A daidai waɗannan watannin ne rana ta fi ƙarfi. Nan garinmu Gidar da Marwa akwai tashoshin sola biyu da kamfanin Scatec na ƙasar Norwe ya kafa, aka ƙaddamar da su a 2023, megawat 30 a lokacin in an haɗa, da manyan batura. Amfaninsu ba wutar da suke bayarwa da rana kaɗai ba ne. Duk awar da rana ta ɗauki nauyi, ana iya rage sakin ruwa a Lagdo a adana shi don dare. Abin da Injiniya ya ce ki yi da firizanki, shi ake yi da tafkin. A kudu kuma an gama dam ɗin Nachtigal a kan kogin Sanaga, megawat 420, ana kuma aikin layin da zai haɗa kudu da arewa ya wuce har Njamena. Ranar da layin ya iso, lissafin kowa zai canza, wannan ma dalili ne na kada ki zuba dukiyarki duka a batir.

To ta Turawa ce? Su suka fi kowa ɓata sararin sama, wannan babu musu, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa ba. Amma farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekaru goma daga 2010, yawanci saboda masana'antun Sin. Da bai faɗi ba, da ba mu zauna muna wannan hira da mai sayar da sobo ba. Kowace lita ta fetur da janaretanki ya ƙona tana sakin kilo 2.3 na iskar kabon. Ba don wannan zan ce ki bar shi ba, kilo taranki a yini ba shi zai narkar da ƙanƙarar ƙarshen duniya ba. Don 840 ɗin nan, da kuma tarin maƙwabciyarki.

Dattijo, Kuseri

Malam ya yi magana mai daɗi, amma ni tsoho ne, na ga abin da ake yi wa talaka da sunan kare muhalli, bari in ɗan sa gishiri.

Ina zaune a Njamena lokacin da gwamnatin Chadi ta hana gawayi, ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, don kada hamada ta cinye ƙasa. Niyya mai kyau, ban ce a'a ba, bishiyoyin da ke kewaye da birnin sun ƙare muna kallo. Amma an hana ne ba a tanadi abin da za a dafa tuwo da shi ba. Mata suka koma kashin shanu da ƙwallon goruba, wasu har kujerun gida suka faskara. Da mata suka fito zanga-zanga aka tarwatsa su. Gas bai wadata ba sai bayan da matatar mai ta Jarmaya ta fara aiki a 2011, shi ma duk ranar da matatar ta tsaya gyara sai ka ga layin tukwane. Gawayin da aka hana a can kuwa, daga wannan tsallaken namu aka riƙa satar shiga da shi, dajinmu ya biya.

Abin da nake so ku gane, ku masu boko, kuna ta zancen wutar lantarki, alhali a Chadi wajen mutum 12 cikin 100 ne ke da ita. Makamashin yawancin mutanenmu itace ne. Ɗiyata, ina tambayarki, sobon nan da me kike dafa shi? Na san amsar. Hayaƙin murhu a cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a duniya kowace shekara, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, mata da yara kuma su suka fi shan wahalarsa. Faranti huɗu ba za su dafa miki tukunya ba. Tukunyar gas mai kilo 12.5 farashin gwamnati 6,500 ne a Kamaru, in an same ta a haka. Su masu taron duniya suna cewa gas ma ba mai tsafta ba ne. To, ya fi huhun jikata tsafta a kan itace, kuma ya bar darbejiya a tsaye.

Kuɗin da suka yi alkawari ma fa? A Kopenhagen a 2009 suka ce dala biliyan 100 kowace shekara, aka wuce wa'adin 2020 ba a cika ba. A Baku a 2024 suka ce biliyan 300. Mu a nan 2024 ɗin kogunan Logon da Shari suka cika suka shiga gidajen mutane daga Yagwa har nan Kuseri da Njamena, da buhunan yashi muka tare abin da muka iya. Saboda haka ki sayi solarki in lissafi ya ba ki, amma kada yaron nan ya sa ki ji kamar bashi ake bin ki. Ke ake bi wa bashi... a'a, ke ke bin su.

Mai Albasa, Meskin

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai mu manoman rani mun ga amfaninta ba da wa'azin kowa ba. Injin ban ruwa mai sola ba ya buƙatar batir sam, rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya tsaya, in kana so ka tara a tanki. Kuɗin man da nake zubawa a kakar albasa yanzu taki nake saye da shi. Illa ɗaya da na gani, da yake ruwan ya zama kamar kyauta, wasu sai su bar injin yana zuba tun safe har yamma, ga rijiyoyin bakin mayo, wato rafi, suna ƙara nisa. Hajiya ki kuma sa a ɗaure farantan da ƙarfe a yi musu walda, ɓarayi sun san kuɗinsu.

Mai Ƙanƙara, Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba ka kama ni, da itace nake dafa sobo, kuma a rumfar da yara ke karatun allo. Zan fara da wannan tun kafin adashi ya fito, akwai tukunyar gas da aka ba ni tun biki tana ƙarƙashin gado.

Na kira mai solar na karanta masa abin da Injiniya ya rubuta. Da farko ya ɗan hau, daga baya ya ce zai sake lissafi da ƙaramin batir na litiyam. In adashin ya kai, shanu suna nan. In bai kai ba zan sayar da janaretan ƙanin babansu da ya ce zai ba ni aro, tun da shi ya fi kowa son janareta (wasa nake yi, kada wani ya kai masa).

Saura abu ɗaya Injiniya. Akwai tsofaffin batura biyu na mota a bayan ɗaki tun na marigayi. Masu gwangwan suna ta nema, wani yaro ya ce zai fasa ya ciro dalmar a nan tsakar gida ya biya ni da kilo, wai ya fi tsada haka. In ba shi?

Mai Haɗa Sola, Domayo, Marwa

Kul, Hajiya! Kada a fasa batir a gidan da yara ke wasa a ƙasa. Ƙurar dalma ba ta da wari, tana shiga ƙasa ta zauna shekaru, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. A wata unguwa ta Caroy a gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'ar ta fasa batura a cikin gidaje. Ki sayar da su a rufe yadda suke, da ruwansu a ciki, kada a tuttular da shi a kwata. Masu sayar da sabon batir da yawa suna karɓar tsoho su rage miki kuɗi, ki tambayi naki mai solar ya sa su cikin lissafin. Kafin nan a ɗora su kan katako inda yara ba sa kaiwa, wanda ya ɗauka ya wanke hannu da sabulu.

In ya kawo sabon lissafin ki turo hotonsa nan, da hoton takardar da ke manne bayan kowace firiza, in duba ko inbatar da ya rubuta za ta iya tayar da su biyun lokaci guda.